Mai-Ƙaya da Baƙonta Jangwada

An yi wata ƙadangaruwa a duwatsun arewa, can inda ƙasa ke komawa rairayi. Ana ce mata Mai-Ƙaya. Gajera ce, launin toka, jelarta kauri, ƙayoyi jere kamar zarto. Danginta ba sa zama ko'ina sai cikin tsagar dutse.

Rannan sai ga Jangwada ya faɗo daga kayan wani ayari, kai ja wur, jiki shuɗi. Ta ba shi masauki. Maimakon godiya, gogan naka sai gori. Wai shi ya hau katangar birni bakwai, ita kuwa ko bayan dutsen nan ba ta sani ba, ga muni. Abin ya yi mata ciwo, amma ta haɗiye.

Suna shan hantsi ta jiyo warin tunku, mai cin ƙadangaru. Ta tura baƙon cikin tsaga, ta bi bayansa, ta kumbura cikinta har ta cika ramin tam, ta bar jela a ƙofa, yadda kakanninta ke yi.

Tunku ya kai cizo, ƙaya ta tsaga masa leɓe. Ya sake, ya sake. Tana jin numfashinsa a bayanta, amma ba ta motsa ba.

Da ƙarfi ya ƙi, sai ya koma lallami. Ya ce shi fa ba faɗa ya kawo shi ba, labari ya ji wani basarake mai jan rawani ya sauka, ya zo gaisuwa.

Jangwada ya fara gyaɗa kai. "Kin ji ko? Matsa in wuce."

"Malam, yunwa ce ke magana. Zauna."

"Hassada ce kawai. Wa ya taɓa zuwa gaishe ki?"

Ta roƙe shi. Ya dinga yaƙushinta, yana turo ta, har numfashinta ya ƙare, cikin ya saki. Ya kutsa ta gefenta ya fita, kai a sama.

Ƙas ɗaya ta ji, tunku ya cafke shi. Ta sake kumbura ciki, tana hawaye, jela a ƙofa, har rana ta yi sanyi.

Darasin wannan labari shi ne, yara, abin da kuke raina wa mutum wataƙila shi ke tsare ranku. Wanda kuma ya yabe ku yana lasar baki, ba ku yake so ba.