Kekuna Bakwai da Tsohon Mai Aski

Akwai wani saurayi da ya shekara shida a birni yana koyon gyaran keken ɗinki. Ya iya aiki, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Da maigidansa ya yaye shi sai ya ce ƙauyensu zai koma, inda babu mai gasa da shi. Gidajen ƙauyen ba su kai ɗari ba. Yana sauka aka laƙaba masa Ɗan Birni.

Ya kama shago jikin na wani tsohon mai aski, aminin marigayi mahaifinsa. Yana cikin jera sukuddireba da kwalbar mai a kan benci, tsohon ya leƙo.

"Ɗana, ka ƙirga kekunan garin nan kuwa?"

Ɗan Birni ya yi dariyar yaƙe. A ransa ya ce, tun ban fara ba har an fara ƙirga mini arziki.

Makon farko ya gyara keke bakwai. Daga nan shiru kamar an ɗauke ruwa. Wata biyu yana zaune yana korar ƙuda, ga shagon aski kullum da mutum a kan kujera.

Sai zargi ya shige shi. Ya lura duk ranar da motar birni za ta tashi, tsohon yakan ja direba gefe su yi ƙus-ƙus, har ya nuna shagon Ɗan Birni da haɓa. Wato masu kawo mini gyara ake turawa birni, in ji shi.

Wata safiya kuma ya tarar da gashi a bakin ƙofarsa. Ya ce shi ke nan, asiri ne. Bawan Allah ya manta maƙwabcinsa aski yake yi, kuma iska ba ta san iyakar shago ba.

Ya daina gaishe shi. Sau uku tsohon yana cewa, "Ɗana, zo mana mu yi wata magana." Shi kuwa sai ya ce, "Ina da aiki," alhali ko allura babu a gabansa.

Da abin ya kai har yana tunanin sayar da akwatin kayan aikinsa, sai ya faɗa shagon askin rai a ɓace.

"Baba, me na tsare maka? Ka kashe mini kasuwa, hankalinka ya kwanta?"

Tsohon ya ajiye almakashi. "Keke nawa ka gyara?"

"Bakwai."

"To su ke nan a garin. Kuma ka yi musu gyaran da sai baɗi su sake nemanka. Ni kai sittin ya ishe ni, don gashi ba ya zuwa hutu. Mai gishiri da ashana ma nan ya ishe shi. Amma irin sana'arka sai inda teloli suka yi ɗari."

Ɗan Birni ya ce, "To raɗar da kuke yi da direba fa?"

"Saƙo nake ba shi wurin ƙanena, yana layin teloli a birni. Ya samo maka rumfa a tsakiyarsu, ya riƙe ta sati uku yana jiranka. Abin da nake ta kiranka in gaya maka ke nan. Shekaranjiya aka ba wani."

Ɗan Birni ya durƙusa a kan gashin nan da yake tsoro, kunya ta hana shi ɗaga kai.

Ya koma birni, amma da akwati a kafaɗa, yana bin teloli shago-shago. A yini guda yakan gyara fiye da abin da ya gyara a wata biyu. Kullum kuma sai ya wuce ta gaban rumfar nan, ya ga wani zaune a inuwarta.

Darasi: Kafin ka zargi maƙwabci da kashe maka kasuwa, duba ko mutanen wurin sun isa su riƙe sana'arka. Kuma in babba ya yi maka tambaya, tsaya ka ji ƙarshenta. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin kama shago.