Durƙuson Ladidi Mai Ƙuli-ƙuli

A garin 'Yandoto an yi wata mata mai ƙuli-ƙuli, sunanta Ladidi. Sana'a kam ta iya, ni da ba na yabon kayan kowa ma na shaida. Amma girman kai ya yi mata yawa. In ta ɗora kwano a ka ta miƙi hanyar kasuwar Tsafe, miƙe take sambal kamar gora. Dattijo ma daga tsaye take jefa masa "ina kwana" ta wuce.

Kwatsam sai ciwo ya shigo. Da ta ɗan taɓa tafiya sai ƙugu ya riƙe, cinyoyi su ɗau zafi, ƙafafu su mutu kamar ba nata ba. Abin mamaki, in ta zauna ko ta duƙa, nan da nan ya lafa. To amma Ladidi ce za a gani zaune bakin hanya tana haki? Ina!

Sai ta yi dabara. Duk inda ƙafa ta mutu, ta nemi wanda ke kusa, ta sauke kwano, ta durƙusa gaisuwa har ciwon ya sake ta. Wani tsoho mai zama bakin hanya, Malam Arzika, shi ya fi shan wannan gaisuwa.

"Baba, ina kwana? Ina gajiya? Ya iyali? Ya jakin nan naka?"

"Ke Ladidi, jakin ga tun bara ya mutu!"

"Ayya, Allah Ya mayar da alheri. To ya tumaki?"

"Tumaki suna gaishe ki. Tashi hakanan, kasuwa na ci!"

Gari ya ɗauka: Ladidi ta shiryu! Iyaye mata har misali suke yi wa 'ya'yansu da ita. Ita kuwa daɗin yabon ya sa ta ƙara rufe bakinta.

Ƙanwarta Hafsatu ce kaɗai ba ta yarda ba. Ta same ta tana tuya ta ce, "Yaya, jiya na ga kin durƙusa wa Hussaina, wadda ko sallamarta ba ki amsawa. Wannan ba ladabi ba ne, ƙafarki ce. Mu tafi asibiti Gusau."

"Ni? Sanyi ne kawai. In kika faɗa wa wani, ba ni ba ke!"

A ɓoye ta je aka yi mata ƙaho, ta sha jiƙe-jiƙe, ba abin da ya ragu. Har ta kai takalmin hagu na zame mata a hanya ba ta sani ba, sai an biyo ta da shi.

Ranar wata kasuwa, ana tsakiyar ciniki, ƙafafun suka ƙi gaba ɗaya. Ta zube, ƙuli-ƙuli ya watse, ga fitsari ya zubo mata ba ta ko ji fitarsa ba. Hafsatu ta yi maza ta rufe ta da gyale, aka sa ta a mota sai Gusau.

Aka ɗauki hoton bayanta. Wata likita mai suna Gloria ta ce, "Mama, cikin ƙashin baya akwai rami, ta nan jijiyoyin ƙafa suke bi. Naki ya tsuke saboda shekaru, yana matse su. In kin miƙe ya ƙara matsewa, in kin duƙa ya ɗan buɗe."

Hafsatu ta ce, "Kin ji asirin gaisuwa!"

Likita ta ce da tun farko ta zo, da wataƙila magani da motsa jiki da daina ɗaukar kaya a ka sun wadatar. Yanzu da ya taɓa fitsari, sai aikin tiyata, kuma ba jira, in ba haka ba tafiya ta ƙare.

Ladidi ta ce, "Likita, a dai rage. A yi allura mu gani."

"Mama, nan ba kasuwar Tsafe ba ce."

Aka tura ta babban asibiti, aka buɗe wa jijiyoyin hanya. Ranar da aka fara tsayar da ita, Hafsatu na gefenta. Ta tsaya, ta jira zafin nan da ta sani, shiru. Ta ɗaga murya, "Hafsatu, babu shi! Wallahi babu shi!" Matan ɗakin suka ɗau dariya, wata har da guɗa.

Ta bi motsa jikin da aka koya mata ba ƙiwa. Fitsari ya daidaita, ƙafar dama ta dawo garau. Ta hagu kuwa jijiyarta ta daɗe a matse, likita ta ce ba lallai ta farfaɗo ba. Haka ko aka yi. Ladidi ta koma gida da ƙafafunta, sanda a hannu, tana jan ta hagu a ƙasa. Tana tuya har gobe, amma Hafsatu ce ke kaiwa kasuwa.

To jama'a, ku ji da kyau. Ciwon da ke kashe ƙafa in an yi tafiya, ya lafa in an duƙa, a kai shi asibiti tun yana ƙarami. In ya taɓa fitsari ko ƙafa ta fara ja, ranar nan za a tafi. Kada a ɓoye ciwo don gudun bakin mutane. Ladidi ta ɓoye nata don kada a ga ta gaza, ƙarshe gaban kasuwa guda ta faɗi, kuma ƙafa ɗaya ba ta dawo ba.