Kitson Ban-kwana na Tabawa

A zamanin da, tun ba a san ƙarar bindiga ba, an yi wata ƙasa mai doka guda da ta fi takobi kaifi. Wanda aka zarga da kashe jinin sarauta ba a fille masa kai. Sai a kai shi Dajin Ƙishi, tafiyar kwana uku, a ɗaure shi a jikin kuka, a juyo. In ya dawo da ƙafarsa, Allah ya wanke shi, mai zargin ya maye gurbinsa. Shekara arba'in ana kaiwa, ko mutum ɗaya bai dawo ba.

Ana nan sai jaririn Sarki Barmo, ɗansa namiji tilo, ya rasu. Tabawa, ungozomar gidan sarki, ita ta yi masa wanka, ta ga harshensa ya yi baƙi ƙirin. Ta faɗi gaban Sarki ta ce, "Ranka ya daɗe, ba zazzaɓi ba ne. Rubutun da Waziri ya aiko aka ɗura masa."

Shi kuwa Waziri Tanimu jikansa, wanda shi ma jinin sarauta ne, yake wa kwaɗayin gadon sarauta. Ta hanci yake magana, kamar an cusa masa auduga. Ya ce, "Wato-wato, Zaki, hannun wa ya ɗura? Nawa ko nata?"

Baƙin ciki ya rufe wa Sarki ido. Ya ce, "Daji."

To, al'adar ƙasar ce a yi wa macen da za a kai daji kitson ban-kwana, kuma kowa ya yarda duk wanda ya tsefe shi ba zai ga damina ba. Lantana makitsiya, ƙanwar Tabawa, ta shigo kurkuku da hantsi, dogarai suka juya baya don za a buɗe kan matar aure.

"Yaya, kawo kan."

"Kitson me, ni da ungulu ke jira?"

"Ita ma ungulun ta ga kin yi kyau. Sunkuya."

Kitson doka ta ɗora mata, irin mai tudun nan da ake cusa wa tsumma. Amma maimakon tsumma, Lantana ta cusa ƙyastu da ƙanƙararsa na kunna wuta, da allura, da ƙullin gishiri, da dakakken kilishi dunƙule biyu. Ta sa wani siririn kara mai rami, ta raɗa mata, "Kuka na ɓoye ruwan damina a kogonta. Zura ki tsotsa." Ƙaramar aska kuwa, a jelar kitson da ta sauko gefen kunci ta naɗe ta. "Hannunki zai kasance a ɗaure. Nan haƙori zai kai."

"Ɗan sa mini goro."

"Kai gare ki, Yaya, ba mangala ba. In ya yi nauyi, wuyanki zai tona mu."

A ƙofar gari Waziri ya sa aka farke layunta, aka kakkaɓe zaninta, ba a sami ko tsinke ba. Ya ƙura wa kitson ido, ya ce da jakadiya, "Wato-wato, tsefe mini wannan."

Jakadiya ta durƙusa. "Allah ya ba ka nasara, ina da jikoki ƙanana. Ga kai, ga hannunka."

Ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a iska. "Wato-wato... a tafi da ita."

A jikin kukar da aka ɗaure ta, igiyoyin na baya na nan rataye, ƙasusuwansu da layunsu a gindinta. Ta cizo askar, askar ta tsaga mata leɓe har wuri biyu kafin igiya ta tsinke. Wuta ta kore mata kuraye. Da kilishi ya ƙare, ta aske gashinta ta murɗa tarko, ta ci gafiya. Da ƙaya ta tsaga mata dunduniya, ta ɗinke da allura da gashin kanta, tana kiran sunan Allah.

Rana ta goma sha ɗaya fada ta cika, sai ga wata aba ta shigo tana jan ƙafa, kai ƙwal, baki a kumbure. Tabawa ce. Ta kwance gefen zaninta, ta zube layu goma sha tara a gaban Sarki. "Na waɗanda suka riga ni ne, ranka ya daɗe. A kai wa iyalansu."

Waziri ya miƙe tsaye. "Wato-wato, maguɗi ne! A cikin kitso ta ɓoye makami!"

Alƙali ya ce, "Doka cewa ta yi wanda ya dawo, ba ta ce ta yaya ba. Kuma kan nan a gabanka ya wuce, Waziri. Mai gaskiya da ya tsefe."

Sarki ya daɗe yana duban layun nan. Sa'an nan ya nuna Waziri ya ce, "Daji. Daga kansa kuma an rufe wannan doka har abada."

Da aka tuɓe wa Waziri rawani, ya rarrafa ya kama ƙafar Lantana, hancin ma ya buɗe. "Baiwar Allah, ni ma a yi mini na ban-kwana!"

Lantana ta dubi sanƙonsa yana ƙyalli kamar sabuwar ƙwarya, ta zagaya shi sau ɗaya, ta ce, "Wato-wato, ranka ya daɗe, me zan kama?"

An kai shi. Har yau ba a ji ya dawo ba.