Keken da Ba Shi da Ƙara

Akwai wani dattijo da duk layinsu ke kira Mai Rediyo, don da gyaran rediyo ya ci, ya sha, ya raini 'ya'yansa. Da girma ya zo sai idanunsa suka dushe, mutum sai ya matso dab da shi yake ganin inuwarsa. Amma kunne kam, ba a magana. Ko cokali ne ya faɗi a ɗaka, sai ya gaya maka ƙarƙashin wace kujera ya shige.

'Ya'yansa duk sun yi nisa, sai autansa, wanda har ya ajiye gemu da iyali ba a daina ce masa Auta ba. Auta yana aiki a wani kamfanin robobi, kuma in ya tashi da yamma ta ƙofar gidan mahaifinsa yake bi. Akwai wani dogon hawa a titin, daidai ƙofar gidan yake ƙarewa.

Keken Auta tsoho ne, sarƙarsa na kuka kamar ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba. Tun daga ƙasan hawan Mai Rediyo yake jiyo shi, sai ya leƙa cikin gida ya kira matarsa.

"Inna, kawo ruwa. Ga ɗanki can ya taho da kayan kiɗansa."

Auta zai iso yana haki, ya jingine keken, ya zube a benci kusa da uban. Ya sha ruwa, ya ba da labarin injin da ya lalace da shugaban aikinsu mai baƙar magana. Sai gumi ya bushe sannan ya wuce. Wannan ɗan zaman shi ne abin da tsohon yake jira tun safe, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Ana nan sai Auta ya sayi keken lantarki, irin mai cajin nan. Ya kawo shi a sa albarka. Mai Rediyo ya shafa shi tun daga kai har taya, ya ce, "To kunna mu ji."

"A kunne yake, Baba."

"Ina ƙarar?"

"Ba shi da ƙara. Kuma hawan nan ko a jikinsa, na huta da haki."

Tsohon ya yi addu'a, ya sa albarka da zuciya ɗaya.

Ku ji fa yadda abu ke lalacewa ba tare da an yi faɗa ba. Da farko Auta yana tsayawa. Sai ya koma gaisuwa daga kan keke, ƙafa ɗaya a ƙasa. Sai ya koma wucewa da niyyar gobe zai tsaya ya daɗe. Ba mugun ɗa ba ne, yana bugo waya, yana aiko da cefane. Gajiya ce take tsayar da shi a da, yanzu kuma ba ya gajiya.

Mai Rediyo bai fasa fitowa benci ba. Yana zaune, kunne a titi, amma kunnen da bai taɓa ba shi kunya ba ya rasa abin kamawa. Keken Auta shuuu kawai yake yi, kuma masu irinsa sun yi yawa a titin. Kewar yaron nan ta dame shi ƙwarai. Sai ya ɗauki wata ɗabi'a, duk keken da ya ji ya gifta sai ya ɗaga hannu.

Inna ta leƙo wata rana ta ce, "Malam, wancan fa mai kai saƙo ne kake ɗaga wa hannu."

"Shi ma ɗan wani ne," in ji shi.

Da ya tambayi maƙwabta yadda irin keken Auta yake aiki, aka ce masa batir ne, kuma in ya ƙare sai an jona shi da wuta ya daɗe yana sha. Kalmar "ya daɗe" ita ta zauna masa. Washegari ya jawo tsohon akwatin kayan aikinsa, ya sa Inna ta kashe wutar gidan, ya ja waya daga zaure yana lalube da yatsu, ya kafa soket a bango daidai gefen bencin.

"Za ka ƙona mana gida da tsufanka," in ji Inna. "Ka buɗe baki ka ce masa kana kewarsa mana."

"Ni zan roƙi ɗana ya zo ya gan ni?"

Da Auta ya bugo waya, sai tsohon ya sako maganar kamar ba komai. "Na sa soket a ƙofar gida, ko cajinka zai ƙare a hanya."

"Ayya Baba, da ba ka wahalar da kanka ba. A wurin aiki nake cikawa, har gida yake kai ni."

"To madalla."

Soket ya zauna ba mai jona komai. Kullum tsohon yana goge masa ƙura da gefen riga. Da zanzaro ya fara yi masa gini a ciki, ya kakkaɓe ya toshe ramukan da takarda.

Wata ranar kuwa aka wuni babu wuta a kamfanin su Auta. Da yamma Mai Rediyo yana bencinsa yana ɗaga hannu kamar kullum, sai ya jiyo takun mutum yana turo abu mai nauyi daga ƙasan hawan. Takun ya tsaya, ya jima, sannan ya ci gaba. Sai kuma haki. Wannan hakin ko cikin kasuwa ya ji shi zai gane.

"Auta, kai ne?"

"Ni ne, Baba. Caji ya ƙare min." Ya jingine keken. "Tun daga ƙasa nake kallonka. Wa kake ta ɗaga wa hannu?"

"Kai mana."

"Ai ba ni ba ne suka wuce."

"Na sani. Ban san wanne ne naka ba, shi ya sa nake ɗaga wa duka. Kar wata rana ka wuce ka ce na gan ka ban kula ka ba."

Auta ya durƙusa ya zare takardar da ke cikin soket ɗin, ya ciro caja daga jakarsa ya jona. Ƙaramar fitila ta kama. Ya zauna a bencin, kafaɗarsa na taɓa ta uban, yana share ido da bayan hannu.

Inna ta fito da ruwa ba tare da an kira ta ba. "Yau kuma an tuna hanya?"

"Inna, ki yafe min."

"Sha ruwa dai."

Da suka jima, Mai Rediyo ya ce, "Yana daɗewa kafin ya cika?"

"Yana daɗewa sosai, Baba."

"To a bar shi ya sha a hankali, kar a matsa masa."

Da Auta ya tashi tafiya, ya naɗe cajar, maimakon ya mayar da ita jaka sai ya sa ta a hannun mahaifinsa.

"Ka ajiye min a wurinka. Ita kaɗai gare ni. Daga yau in ban tsaya a nan ba, da ƙafa zan je aiki."

Tsohon ya riƙe ta da hannu biyu, ya juya wajen matarsa. "Inna, samo min ƙusa, a nan kusa da benci zan rataye ta."

Darasi: Abin da ya sauƙaƙa maka tafiya kada ya hana ka tsayawa wurin waɗanda ke jiranka. Iyaye da yawa ba za su iya cewa suna kewarka ba, sai dai su nemi dalilin da zai zaunar da kai. Kada ka jira sai cajinka ya ƙare. Ka tura wannan labarin ga ɗan'uwan da ka san yana wuce ƙofar gidansu a guje.