Hancin Barewa Ranar Gobara

Ga ta nan, ga ta nan ku.

Ta zo mu saurara.

Mafarauta suka cinna wa daji wuta, hayaƙi ya turnuƙe. Barewa ta ja ɗanta za su rafi.

Zomo ya ce, "Yaya, yau hanci ba ya aiki. Ki buɗe ido."

Ta ce, "Tafi can, mai kunnen banza. Ni da nake jin warin Kura tun daga hayi?"

A rafi suka tarar da Kura ta yi baƙi ƙirin da toka. Kura ta ce, "Baiwar Allah, akwai Kura kusa?"

Barewa ta shinshina, ta ce, "Babu. Riƙe min yaron in sha ruwa." Kafin ta ɗago kai, Kura ta gudu da shi ta cinye.

Ni mai ba ku labarin nan, ko da na taɓa binne ɗana, ban tausaya wa Barewa ba.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ɗauka.