Allurar Inna a Firijin Khairiyya

Akwai wata malamar makaranta a Kazaure mai suna Khairiyya. Mahaifiyarta, Inna Tasalla, tana zaune a Roni, ta daɗe tana fama da ciwon sukari.

Likita ya sauya wa Inna magani zuwa wata sabuwar allura da masana suka ƙirƙiro, wadda ake yi sau ɗaya a mako. Allurar ba ta son zafi, gidan Inna kuma babu firiji, sai aka ajiye ta wajen Khairiyya. Duk Juma'a sai tsohuwa ta hau acaɓa ta zo Khairiyya ta yi mata.

Ana nan sai Khairiyya ta ji ƙawayenta na cewa allurar tana rage ƙiba. Ita kuwa teɓarta ta daɗe tana damunta, ga bikin ƙanwar mijinta ya matso. Ta fara yi wa Inna rabi, ta yi wa kanta rabi, wai ai rabi ma magani ne.

Teɓa ta tafi, aka sha yabo a wajen biki. Inna kuwa idonta ya fara hazo, har ta daina gane mutum sai ya yi magana.

A asibiti likita ya duba sakamakon jini, ya ɓata rai.

"Hajiya, ko dai kina shan fura da sukari a ɓoye? Kin kusa rasa idonki."

"Laifina ne, likita. A yi haƙuri," in ji Inna.

Khairiyya tana tsaye kamar an dasa ta, kunya ta hana ta ko ɗaga kai.

Da suka fito, ta durƙusa a bakin ƙofa. "Inna, ni ce. Rabi nake yi miki."

"Na sani, 'yar nan. Na taɓa hango ki kina yi wa kanki."

"Kuma kika yi shiru?"

Inna ta laluba ta kamo hannunta. "Na ga kina ramewa, na ɗauka ke ma ciwon ya kama ki, kike ɓoye min. Na ce gara ke, ni ai na ga duniya. Yanzu faɗa min gaskiya, lafiyarki ƙalau?"

Khairiyya ta fashe da kuka.

Darasi: Maganin mara lafiya amana ne, kada son burge mutane ya sa ka taɓa shi, kuma kada ka sha abin da likita bai rubuta maka ba. Tura wa duk wanda ke jinyar iyayensa.