Keken Ɗinkin da Ya Ƙi Kama Zare

Da sunan Allah Mai rahama nake buɗe baki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Fiyayyen halitta. Ku matso ku ji kaɗan daga karamomin Malaminmu, Shehun malamai, kogin ilimi, mai tsantseni da gudun duniya, bawan Allah da harshensa bai taɓa bushewa da zikiri ba, Allah Ya ƙara masa yarda, Ya haskaka makwancinsa. Ni dai karatuna bai yi nisa ba, amma wajen zama kusa da Malam ba wanda ya kamo ƙafata, don ni ke riƙe masa takalmi, kuma duk wanda ya ce ya fi ni sanin labarin nan ku turo mini shi.

Cikin masu zuwa karatun la'asar akwai wani tela da muke kira Gobe-da-Safe, don amsar da yake ba duk wanda ya zo karɓar ɗinki ke nan. Ba mugun mutum ba ne. Kekensa ne ya tsufa, in yana taka shi sai ka rantse gwangwani ake ja a kan kwalta, zare na tsinkewa, masu kawo ɗinki suna zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana maƙwabcinsa ya ba shi ragowar fenti, ya shafe ƙofar shagonsa ta koma shuɗiya. Fenti bai gama bushewa ba sai ga motar wani babban kanti ta tsaya, direba ya leƙo yana sauri.

"Baba, nan ne shagon ɗinki mai shuɗiyar ƙofa kusa da famfo?"

"Ga ƙofa, ga famfo," in ji tela.

Aka sauke masa wani ƙaton kwali. Direba ya ce an riga an biya, ya ja mota ya yi gaba. Da tela ya farke kwalin sai ga keken ɗinki na lantarki, sabo fil, yana ƙamshin mai. Shi kuwa ko allura bai saya a kantin nan ba.

Ya ja keken ƙuryar shago ya lulluɓe da ƙyallaye. Da maiɗakinsa ta kawo masa abincin rana, ya ɗaga mata gefe ta gani.

"Maigida, anya ba kayan wani ne suka ɓata hanya ba?"

"Ke, arziki ne ya gane hanya. Na roƙa? Na sata? Har ƙofa aka yi mini sallama. Kantin nan kuwa ko goma suka ɓace musu ba za su ji a jikinsu ba."

"To, in haka ne, me ya sa kake magana ƙasa-ƙasa?"

Ya ce ta ajiye kwano ta tafi, ba ta san fiƙihu ba.

Washegari ya hango motar ta shawo kwana. Wuf ya ja ƙofa ya danna sakata, ya tsuguna bayan teburin yanka cikin zafi. Direba ya yi ta bugu, daga baya ya kara bakinsa a jikin ƙofa.

"Baba, in kana ciki ka dubi Allah. Keken nan na wata baiwar Allah ne a layin baya, ita ma ƙofarta shuɗiya ce, ita ma kusa da famfo. Maigidana ya ce in keke bai fito ba ni na sayar, zai karɓe makulli ya haɗa ni da 'yan sanda. Ina da iyali, Baba."

Tela ya yi tsit, yana gaya wa kansa ai shiru ba ƙarya ba ne. Mota na tafiya ya nemo wani fenti ya mai da ƙofa koriya. Da direba ya sake dawowa sai ya yi ta kai da kawowa a layin yana duban ƙofofi yana dafe kai, tela na leƙensa ta kafar taga.

To, daga nan zama ya gagari Gobe-da-Safe. Babur ya wuce, ya zabura. Yaro ya buga ƙwallo a bango, ya zabura. Ya je bakin ƙofa, ya dawo, ya ɗaga ƙyallaye ya kalli keke, ya rufe, ya sake komawa bakin ƙofa. Ko kunna shi bai iya ba don kar a ji ƙara. Ya yanke wa wani hannun riga ɗaya dogo ɗaya gajere, ya soke yatsansa, abinci ya huce a kwano, kunnensa kuwa ba abin da yake maimaita masa sai "Ina da iyali, Baba."

Da abin ya ishe shi ya tafi karatu, ya raɓe can baya kusa da takalma, inda nake. Bayan Malam, Allah Ya ji ƙansa, ya rufe littafi, sai tela ya matso yana murza hula.

"Allah Ya gafarta Malam, wani abokina ne aka kai masa wani ɗan abu har gida, bai roƙa ba, bai sata ba, masu abin kuma mawadata ne. Shi ne ya ce in tambaya masa."

Malam bai ce halal ba, bai ce haram ba. Ya tuɓe jabbarsa a natse, ya nuna aljihun da ya ɓarke, ya miƙa masa.

"Ɗinke mini wannan a kan keken abokin naka. In ya kama, nasa ne."

Jama'a, tela fa bai ambaci keke ba! Ni ina wurin, kunnuwana biyu, kuma har yau ba su taɓa yi mini ƙarya ba.

Tela ya karɓi jabba ya fita, kafin ya kai shago ya lallashi kansa: sabon keke, ta yaya zai ƙi kama aljihu? Ya yaye ƙyallaye, ya jona wuta, ya zura zaren sama da na ƙasa, ya taka. Allura ta ruga da gudu, sauti mai daɗi kamar yayyafi a kan kwano. Ya ɗaga jabba, aljihu na nan a buɗe, ko ɗigon zare babu. Ya sake zura zare. Ya sauya allura. Ya ɗaure, ya sassauta, ya hura, ya goge, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Babu.

Ya ruga ya kira mai gyaran keke, ya roƙe shi ya rufa masa asiri. Mai gyara ya ɗauki ƙyalle ya taka, ɗinki ya fito ras, miƙaƙƙe.

"Keken nan ya fi ni lafiya," in ji shi.

Mai gyara ya sa jabbar Malam ya taka da ƙafarsa. Babu. Ya dubi jabba, ya dubi tela, ya tattara kayan aikinsa.

"Wannan ba aikin sukudireba ba ne. Sai an jima."

Tela ya koma wurin Malam ya durƙusa, jabba a hannu.

"Ya kama?"

"Bai kama ba, Allah Ya gafarta Malam."

"To, bai san ka ba. Kai shi inda ya sani. Akwai wanda ke tsaye a rana saboda kai, kar ta faɗi yana tsaye."

A ranar nan dai Gobe-da-Safe bai ce gobe da safe ba. Ya tari mai kura, suka ɗora keke, yana gaba yana sassarfa yana ce wa mai kura ya ɗaga ƙafa. A bakin kanti ya tarar da direba jingine da bango, an karɓe makulli, maigidansa na waya yana nuna shi da yatsa. Direba ya dubi keke, ya dubi tela, idanunsa suka kawo ruwa.

"Baba, don girman Allah gaya mini abu ɗaya. Ƙofar nan shuɗiya ce ko koriya? Har na fara zaton kaina ya taɓu."

"Shuɗiya ce, ɗana. Kanka ƙalau. Nawa ne ya taɓu."

Mai kanti ya kashe waya, ya yi wa tela wankin babban bargo a gaban jama'a, tela ya sunkuyar da kai ya shanye. Sannan aka jefo wa direba makullinsa, ya cafe.

Tare suka kai keken layin baya. Matar ta fito tana hamdala, ta jona wuta tana neman abin gwaji, tela ya miƙa mata jabba. Taku ɗaya ta yi, aljihu ya rufe tsaf, sai ka ce bai taɓa ɓarkewa ba.

Da tela ya mayar wa Malam da jabba, Shehu ya shafa ɗinkin ya yi murmushi, ya ce, "Allah Ya yi mata albarka. Kai kuma je ka huta." Aka ce tela yana isa shago ya wangale ƙofa, ya miƙe a kan teburin yanka, manyan motoci na wucewa suna girgiza bango, shi kuwa sai minshari.

Wannan ɗigo ne daga tekun karamomin bawan Allah, waliyyi, masanin abin da zukata ke ɓoyewa da izinin Ubangijinsa. Allah Ya ɗaukaka darajarsa, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba mu albarkacinsa, Ya tsare hannuwanmu daga abin da ba namu ba, ku da ni mai riƙon takalmi. Amin.